Ni Na Saka Lambarsa a Fayil

Sati uku ke nan ban rubuto muku komai ba, kuma duk na ga saƙonninku. Wata ta ce ko an ɗaura ne na ɓoye muku. Wata ta ce ko Tsuntsuwa ce ba lafiya. Lafiyarta ƙalau, tana nan tana cika mana kunne. Ni ce na kasa haɗa ido da kowa, har da allon wayata. Abin da zan faɗa yau ba zai ƙara mini daraja a wurinku ba, amma tunda na saba gaya muku na daɗi, bari ku ji wannan ma.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata ashirin da takwas, aurena ya mutu shekara uku da suka wuce, ina zaune a gidanmu tare da Ummata da 'yata mai shekara biyar. Tsuntsuwa muke ce mata, saboda tun da asuba bakinta yake buɗewa. Idonta na hagu yana da rauni, tabarau take sakawa, kuma a wurin yanka mata shi na haɗu da mutumin da ita ta raɗa wa suna Mai Tabarau. Ɗan shagonsa yana tsakanin kantin magani da mai sayar da labule. Ranar farko ta ƙi zama a kujerar gwaji, sai ya cire nasa gilashin ya ce mata shi ma ba ya gani, ta taimaka ta karanta masa allon. Haka ta yi ta karanta masa har layin da ta kasa, ba ta ma san an gwada ta ba. Wata takwas ke nan. Ya turo kawunsa gidanmu sau ɗaya, yana jiran a ba shi rana.

"Wai me kike jira ne?" in ji Umma wata ranar Lahadi, tana ninke kayan makarantar Tsuntsuwa a hannun kujera. "Yayanki ya tambaya a unguwarsu, ya tambaya wurin aikinsa, ya tambayi abokansa. Ba wanda ya ce uffan a kansa."

"Wancan ma an tambaya, Umma."

Ta ajiye safar da ke hannunta.

Baban Tsuntsuwa ma kowa yabonsa ya yi. Wata biyar da aure na fara tsintar kwalaben maganin tari a bayan tankin bayi. Na yi haƙuri, na rufa asiri, na yi addu'a. Ranar da ya bar ta a cikin mota tana shekara biyu, gilashi a rufe, ya shiga gidan abokinsa ya yi barci, ranar na haɗa kayana. Wani mai faci ne ya ji kukanta. Har yau in na ga yaro a kujerar baya shi kaɗai sai na tsaya na jira uwarsa ta dawo.

To, Mai Tabarau yana da abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Duk ranar Talata yakan rufe shago da azahar, wayarsa a kashe har magariba. Na tambaye shi, ya ce wani uzuri ne na gida. Na sake tambaya, ya yi murmushi ya ce zai gaya mini in lokaci ya yi. Sai kuma ga saƙonsa ranar Litinin da safe:

"Gobe kafin in tafi uzurina in ɗauko miki Tsuntsuwa daga makaranta? Hanya ɗaya ce. Ta ce in saya mata balan-balan mai kunne."

Na karanta shi ya fi sau goma. Mota. 'Yata. Ranar Talata. Na rubuta masa, "A'a, na gode, Umma za ta ɗauko ta." Ya turo fuskar dariya ya ce, "To ranki ya daɗe."

Yanzu sai in gaya muku aikina, wanda ban taɓa faɗa muku dalla-dalla ba. A kamfanin intanet nake, amma ba a ƙasa inda ake sayar da layi ba. Hawa na uku, ɗaki marar taga, sanyin na'ura har cikin ƙashi, ba a shiga sai da kati. Doka ta ce duk wanda yake amfani da layinmu da imel ɗinmu a ajiye sawunsa har shekara biyu: wa ya aika wa saƙo, wa ya aiko masa, yaushe, yana ina a lokacin, wane shafi ya buɗe. Ba ma ganin abin da ke cikin wasiƙar. Manajanmu yakan ce mu bayan ambulan kawai muke karantawa. Amma ku yarda da ni, bayan ambulan na shekara biyu ya isa ka san ciwon mutum, da wanda yake so, da wanda yake tsoro.

Idan hukuma tana binciken wasu, sai ta turo takarda mai lamba, da jerin lambobin mutanen da take nema. Mu huɗu ne a ɗakin. Ka shigar da lambar takardar, ka shigar da lambar mutum, allo ya buɗe. In babu lambar takarda, ko shekara za ka yi kana danne-danne ba abin da zai buɗe.

Ranar da aka ɗauke ni na sa hannu a takarda mai shafi shida cewa ba zan taɓa leƙa abin da ba a aike ni ba. Kuma na riƙe. Maƙwabciyarmu ta taɓa roƙona in duba mata wa mijinta yake kira, na yi mata wa'azi har ta daina gaishe ni wata guda. Ku riƙe wannan, don ku san irin bakin da nake da shi.

Ranar Laraba da rana maza biyun da ke ɗakinmu suka fita cin abinci. Babbarmu, wadda muke kira Anti Shayi saboda flas ɗinta ba ya rabuwa da ita, ta tafi salla. A kan teburina akwai takardar wasu da ake zargi da safarar ƙwayoyi, lambobi goma sha ɗaya, na gama su tun safe, fayil ɗin yana buɗe. Na kalli ƙofa. Na kalli hoton Tsuntsuwa da na liƙa a gefen allo. Na ce a raina, ba don kaina ba ne, don ita ne. Uwa ce ni, haƙƙina ne in san wanda zan ba 'yata.

Na rubuta lambarsa. Na haddace ta tun wata na biyu.

Minti huɗu na yi. Mafi yawa abin da ba ya ko ɗaga gira: masu kawo masa gilashi, sakamakon ƙwallo, farashin taya. Wani shafi a kan raunin ido ɗaya a wurin yara, ya buɗe shi sau goma sha huɗu. Sai kuma adireshin wata cibiya da ake kwantar da masu shaye-shaye. Duk Litinin imel ya tafi, imel ya dawo. Duk Talata wayarsa tana kashewa ne a titin cibiyar, ta kunnu a titin cibiyar. Wata bakwai cur.

Na rufe. Na bugi linzamin kwamfuta ya faɗo ƙasa. Anti Shayi ta shigo tana gyara mayafi ta ce, "Ke kuma lafiya kamar kin ga fatalwa?" Na ce sanyi ne.

Daga ranar na fara ja da baya. In ya rubuto layi biyar, in mayar masa da "To." In ya kira, in ce ina wanka wa yarinya. A raina har godiya nake yi wa Allah da ya nuna mini kafin in sake faɗawa. Ban tambaye shi ba. Ta yaya ma zan tambaya, in ce a ina na gani?

Abin da ban sani ba shi ne wannan. Da, in mun gama takarda, mu ne muke zaɓar abin da za a tura wa hukuma ɗaya bayan ɗaya. Wata biyu kafin nan aka canza manhajar. Yanzu duk lambar da aka buɗe a ƙarƙashin takarda, ƙarfe biyar na yi, na'ura take tattarawa ta tura da kanta. Ranar da aka koya wa ma'aikata, ina asibiti da Tsuntsuwa tana zazzaɓi. An turo mini bayanin a rubuce, na danna cewa na karanta. Ban karanta ba.

Kwana tara bayan waccan Larabar Tsuntsuwa ta zauna a kan tabaraunta, ƙafa ɗaya ta ɓalle. Ba yadda na iya, da safe kafin in wuce aiki na biya shagon. Ƙofa a rufe da kwaɗo. Mai labule yana tsaye yana kaɗe ƙura a jikin yadi.

"Baiwar Allah, ai ba ki ji ba? Jiya da yamma mutum biyu suka zo, ba kaki a jikinsu. Sun tafi da shi, har da kwamfutarsa. Tsohonsu ma ya bi su a baya da sandarsa."

"Me ya yi?"

"Wa ya sani? An ce maganar ƙwaya ce." Ya rage murya. "Mutum dai sai ka zauna da shi."

Ban san yadda na isa ofis ba. Na buɗe jerin abin da aka tura ranar Laraba. Takarda ta nemi goma sha ɗaya. An tura goma sha biyu.

Ina zaune ina kallon allon sai na ji numfashin Anti Shayi a bayana. Ta daɗe tana kallo. Ta ja kujera ta zauna, ta zuba shayi a murfin flas ta miƙo mini.

"Naki ne?"

Na gyaɗa kai.

"Innalillahi. Ke da nake kafa misali da ke." Ta leƙa ƙofa. "Saurara. In ba shi da komai za su sake shi. Ki kama bakinki."

"Sunansa fa, Anti?"

"Sunan da ya shiga fayil ya shiga. Ba sa gogewa sai kamfani ya rubuta musu cewa kuskure ne, ya kuma faɗi hannun da ya yi kuskuren. Kin san abin da wannan yake nufi. Da wane aikin za ki riƙe yarinya?"

Na shanye shayin, ya ƙona mini harshe, ban ji ba.

Sun sake shi a ranar. Ranar Asabar da la'asar ya zo gidanmu, da 'yar jakarsa ta ƙananan sukurdireba, wai mai labule ya gaya masa na zo da tabarau a karye. Riga mai ruwan toka ce a jikinsa, ba guga, shi da kullum karin rigarsa yake tsaye. Umma ta shigar da shi falo, ta kunna fanka, ta ja Tsuntsuwa ciki. Na saka doguwar rigata baƙa, na ja mayafi har goshi, na kawo shayi da biskit a tire, na zauna can ƙarshen kujera.

Ya shimfiɗa hankici a gwiwarsa, ya ɗora tabaraun, ya fara kwance ƙusar. Bai ɗago ba ya fara magana.

"Akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina tun tuni. Autanmu yana cibiyar masu shaye-shaye, wata bakwai ke nan. Ni nake zuwa duba shi duk Talata. Ba a shiga da waya a kunne."

Na riƙe gefen kujera.

"Na san labarin baban Tsuntsuwa. Na ji tsoron in kin ji kalmar nan a gidanmu za ki gudu. Na ce bari ya ɗan warware tukuna, in kai ki ki gan shi da idonki. Ban kyauta ba, ki yafe ni."

Shi yake ba ni haƙuri. Ku ji fa.

"Baba bai sani ba," ya ci gaba. "Shekararsa saba'in da biyu, ga hawan jini. Ni da yayata muka ce masa auta ya tafi karatu wani gari. To ya bi ni can, ya ce ba inda zai je sai an sake ni, suka bar shi ya zauna a benci a cikin ɗakin. Sai jami'in ya ɗauko takarda ya fara karantowa. Sunan cibiyar, ranaku, ƙarfe nawa na shiga, ƙarfe nawa na fito. Ya ce wa kake kai wa kaya a can? Dole na faɗi gaskiya. A gaban Baba."

Ƙusar ta kuɓuce masa ta faɗa kan kafet. Muka duƙa muna nema, na gan ta kusa da ƙafar tebur, na miƙa masa ba tare da na kalle shi ba.

"Zamewa ya yi daga bencin ya zauna a ƙasa. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Tun da muka koma gida ya tattara wayoyin kowa ya zuba a gwangwanin biskit ya rufe. Da raɗa yake magana. Ya ce gwamnati tana jin numfashinmu. Ni kuma sun riƙe kwamfutar, duk awon idon mutane yana ciki, sun ce in riƙa zuwa ina sa hannu duk sati biyu." Ya hura gilashin ya goge. "Abin da ya fi damuna, wa ya kai sunana? Na rasa wanda zan zarga sai mai kantin magani. Shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya, yau ya gaishe ni na ɗauke kai."

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Na san kuna jira in ce na faɗa masa. Ban faɗa ba. Na ce, "Allah ya kyauta." Na ce, "Ka sha shayin kafin ya huce."

Ya kira Tsuntsuwa ya saka mata tabaraun, ya gyara mata a bayan kunne. Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Mama, yanzu ina ganinki tas." Ya yi dariya, ya yi sallama, ya tafi.

Bayan magariba na gaya wa Umma komai, a kicin, tana wanke kofuna. Ta kashe famfo. Ta kira Yaya a waya, cikin rabin awa ga shi ya zo da hular aiki a kansa.

"Wa ya sani?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Anti Shayi kaɗai."

"To shi ke nan. An sake shi, ko ba a sake shi ba? Kuma yanzu kin tabbatar ba ya shan komai, abin da kike nema ke nan. A sa rana kawai. Ki aure shi, ki kyautata masa, ki kula da tsohon. Magana ta wuce."

"Yaya, duk sati biyu zai riƙa zuwa sa hannu."

"Za su gaji su bari."

"Mai kantin maganin fa?"

"Ke kika haife shi?"

Umma ba ta goyi bayansa ba, ba ta goyi bayana ba. Ta ce, "Ni dai yarinyar nan nake dubawa. In aka kore ki, ko aka kai ki gaba, wa zai tsaya mata?" Sai ta ƙara da cewa, a hankali, "Da kin tambaye ni, da na ce ki je ki tsare shi da tambaya har ya faɗa. Baki gare ki."

Na kwana biyu ina juya maganar Yaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ta yi mini daɗi a kunne. Na hango kaina a gidansu, ina kai wa tsoho ruwan alwala, yana yi mini raɗa cewa in yi hankali ana jinmu, ni kuma ina cewa to Baba. Shekara ɗaya, shekara goma. Na hango Tsuntsuwa ta girma a gidan da ake saka waya a gwangwani, ba ta san uwarta ce sila ba. A nan na kasa.

Ranar Litinin na rubuta takardar da hannuna, shafi ɗaya. Ranar, lokacin, lambar takardar hukuma, lambarsa, da cewa ba shi da alaƙa da binciken, ni na buɗe don dalilin kaina. Na kai wa Manaja. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa.

"Kin san na'urar tana ajiye sawunku ku ma?" ya ce. "Wa ya buɗe me, ƙarfe nawa. Shekara biyu, kamar na kowa. Ko ba ki zo ba, masu duba aiki za su gani a ƙarshen shekara."

Ko wannan ɗan abin alfaharin, na cewa ni na kawo kaina, bai bar mini ba.

Ya ce yau za a rubuta wa hukuma a cire lambar. Ya ce an dakatar da ni, sauran kuma ba a hannunsa yake ba. Ya miƙo hannu, na ciro katin daga wuyana na ba shi. Na ɓalle hoton Tsuntsuwa daga gefen allo. Anti Shayi ta raka ni har bakin lif, ta cusa mini biskit biyu a jaka, ta ce, "Sakarya kawai," idonta ya cika da ƙwalla.

Daga nan shagon na nufa. Yana zaune yana rubuta awon wata tsohuwa a littafi, tunda ba kwamfuta. Na jira ta fita. Ban zauna ba. Na faɗa masa daga farko har ƙarshe, ina kallon allon haruffan da ke bayansa, daga babban harafi har ƙananan da ba sa karantuwa.

Ya ɗauki wani gilashi yana gogewa, wanda ba abin da ya same shi.

"Minti nawa kika yi?"

"Huɗu."

"Me kika gani?"

Na lissafa masa. Masu kawo kaya, ƙwallo, taya, cibiyar.

"Ba ki ga shafin idon yara ba?"

"Na gani."

"Sau nawa?"

"Goma sha huɗu."

"Kika ga wannan, kika ga wancan, kika zaɓi wancan."

Na fara, "Tsuntsuwa nake..." sai ya ɗaga hannu.

"Kada ki saka ta a ciki. Don Allah."

Ya miƙe ya fita ya bar ni a tsaye. Ta gilashin ƙofa na gan shi ya shiga kantin magani. Na ga ya kama hannun mutumin da hannu biyu, yana magana, kansa a ƙasa. Mai kantin yana ta dafa kafaɗarsa. Da ya dawo idonsa ya yi ja.

"Maganata da ke ban san inda ta tsaya ba," ya ce. "Kada ki tambaye ni yau. Amma Baba ba ya cin abinci, ba ya yarda a buɗe taga. Na ce masa kuskure ne, ya ce haka suke so mu ɗauka. Ba zai yarda da takarda ba. Sai ya ga mutum."

"Yaushe?"

"Gobe Talata, ina wurin auta. Jibi da la'asar."

Akwai wata riga mai ruwan zuma da na ɗinka tun wata uku, na ajiye don ranar da za a fara kai ni gaishe da mahaifinsa. Ranar Laraba na fito wanka na tarar Umma ta goge ta, ta shimfiɗa a kan gado da mayafinta. Na ce ba ita zan saka ba. Ta ce, "Saka. Gaban babba za ki je." Tsuntsuwa ta yi ta tsalle sai ta bi ni, na ce yau ba da ita ba.

A mota ina ta shirya abin da zan faɗa. Na so in ce masa, Baba, ka kwantar da hankalinka, ba wanda yake ajiye komai. Amma ƙarya ce, ni na fi kowa sani. Ana ajiyewa. Nasa, da nawa, da naku da kuke karanta wannan. Tsohon bai yi kuskure ba. Abin da kawai bai sani ba shi ne, ranar da aka buɗe na ɗansa, ba wani babban jami'i ne ya buɗe ba. Wata ce da ta haddace lambar saboda so.

Mai Tabarau ya buɗe mini ƙofa, bai yi murmushi ba. Falon duhu, labule a sauke, ƙamshin man zafi. Tsohon yana zaune a kujera mai hannu, siriri, farin gemu, sandarsa a jingine. A kan tebur ga gwangwanin biskit mai hoton furanni.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya leƙo fuskata, sai ya washe baki.

"Ke ce uwar Tsuntsuwa?" ya ce da raɗa. "Sannu 'yata, sannu. Ana ta ba ni labarinku. Kin zo mana a mummunan lokaci." Ya jawo gwangwanin ya buɗe mini da kansa. "Kashe wayarki ki saka a nan. Kada su rubuta ki ke ma, ke da ba ki ji ba ba ki gani ba."

Na kashe, na saka ta a kan sauran. Ya mayar da murfin ya danne da tafin hannu.

Ban tashi daga durƙuson ba. Na kalli kafet, na ce, "Baba, ni na saka lambarsa a fayil ɗin."

Ya kalli ɗansa da ke tsaye a bakin ƙofa, ya dawo da ido kaina. Ya karkato, ya kafa hannu a bayan kunne.

"Me kika ce? Ɗaga murya, 'yata, kunnen ba ya ji sosai."

A gidan da kwana biyar ba wanda ya yi magana sai da raɗa. Na ji motsin yayar Mai Tabarau ta tsaya a bakin kicin. Na ja numfashi, na ɗago kaina, na ɗaga muryar.